Fartanyar Kashin Tama

Shekarun baya can, ina saurayi, aka yi wata yunwa da ta sa gidanmu a Bungudu aka sayar da komai, har fartanya. Ni ina Gusau ina ƙirar fari, ina narka tagulla a kasko ina zuba munduwa. Damina ta matso, mahaifiyata ta aiko cewa in ban samo ƙarfe ba, bana ma ba za mu ci daga gonarmu ba.

Sai na nufi Tsafe wurin kawuna, mai dafa tama a gindin dutse yana fitar da ƙarfe daga cikinta. Ya ce in na yi aiki zai ba ni rabo. Na sari ƙirya, na ƙona gawayi, na farfasa tama, muka jera su hawa-hawa a wani dogon murhun laka kamar rumbu. A gefe kuma na gina mazubi mai siffar fartanya, ban gaya wa kowa ba. Ai ni gwanin zubi ne.

Da wuta ta ci sosai, sai ga jan ruwa yana gangarowa ta ƙasan murhun. Na ruga na tara mazubina, ina murna na hutar da mu dukan masaba. Kawu yana kallo. Da abin ya huce ya ce in gwada shi a ƙasa. Sara guda ya tarwatse kamar tsingaro.

"Ɗan birni, kashin tama kaka tarewa," in ji shi. "Tagullarka ƙarfe ce tun ba ta zo hannunka ba, ruwa kawai kaka maishe ta. Wannan dutse ne. Dauɗar ce ka gudu, ƙarfen na nan ciki zaune."

Da gari ya waye muka fasa murhun, muka jawo wani baƙin dunƙule mai ramuka, mummuna, wanda da a hanya na gan shi da na tsallake. Shi muka yi ta gasawa muna duka har tafin hannuna ya fashe. Rabona ya ba da fartanya da ƙaramar garma. Na isa Bungudu hadari na haɗuwa, mahaifiyata ta karɓa ta jinjina nauyinsu, ta miƙa wa ƙannena.

Na zuba munduwa da yawa a rayuwata, amma duk ƙarfen da wani ya riga ya fitar nake sauya wa kama. Sau ɗaya tak na fitar da ƙarfe daga dutse, kuma da shi muka noma geron da ya cika rumbunmu a shekarar.