Buhun da Ya Shiga Shagon Lukmanu

Duk baƙon da ya sauka Illela ya tambayi shagon Lukmanu, sai an ce masa wanne, don masu sunan suna da yawa. Amma in ya ce Lukmanu Mai Buhu, ko ɗan kabu-kabun da ya shigo gari jiya zai kai shi har bakin ƙofa, yana murmushi tun a hanya.

Sunan ya samo asali ne wata bazara, ana irin zafin nan da ko ƙadangare ba ya son hawa katanga. Lukmanu yana da shagon gem, inda yara ke biya su buga wasannin bidiyo, a ciki kuma akwai kwamfuta ƙatuwa, baƙa, mai gilashi a gefe da fitilu a ciki, wadda yake kira Hajiya. Ranar, bayan azahar, Hajiya ta fara nishi. Fankokinta na gurnani, 'yan ƙwallon da ke kan allo suna gudu suna tsayawa kamar masu ciwon gwiwa. Ya ɗora mata hannu ya ji kamar kaskon waina, sai tausayinta ya kama shi.

To shi tun tasowarsa hanya ɗaya ya sani ta sanyaya abu. A naɗe jarkar ruwa da buhun algarara, a jiƙa, a ajiye inda iska ke bi. Haka ake yi a gona, haka ake yi a motar kaya, kuma bai taɓa ganin dabarar ta ba da kunya ba. Ya leƙa waje ya jawo tsohon buhun albasa, ya tsoma a bokiti, ya matse sama-sama, ya lulluɓe Hajiya. Da ya ga buhun ya fara bushewa, har ya ƙara mata da buta.

Da farko shagon ya ɗauki ƙamshi kamar ana soya albasar miya, samarin da ke jiran layi suka fara jin yunwa ba su san dalili ba. Can sai aka ji ɗan ƙara, siririn hayaƙi ya fito ta ƙarƙashin buhun, allo ya yi baƙi. Kafin la'asar labari ya kai tasha.

Wanda bai san Lukmanu ba zai ɗauka sakarai ne, alhali ba haka ba. Ɗan gidan fatake ne, waɗanda kakanninsu suka yi ta kai da komo tsakanin Illela da Kwanni tun ba a san takardar tsallake iyaka ba. Ya yi allo, ya yi sakandare, sannan aka sa shi cinikin albasa wurin kawunsa, Alhaji Halliru. A nan aka gane yana da wata matsala: ba ya iya cewa albarka. Da mai saye ya marairaice fuska, sai Lukmanu ya sallama, har ya taya shi ɗaura kaya. Kawu ya jure iya jurewa, ya mayar da shi ɗan aike. A wani aiken ne ya shiga wani shago a Kwanni don ya fake wa rana, ya ga yara na buga ƙwallo a talabijin, ya zauna. Saƙon Kawu bai isa ba sai washegari.

Da ya tara abin da ya tara ya sayi kwamfutar, mahaifiyarsa ce ta je ta roƙi yayanta ya ba shi ɗakin ƙofar gida, wanda a da ake zuba albasa. Kawu ya bayar don ba ya iya hana ƙanwarsa, amma da sharaɗi: ranar da ɗakin ya daina aiki, albasa ta koma wurinta. Kuma duk sanda ya wuce sai ya leƙo ya ce ko ba jima ko ba daɗe, buhun albasa zai shiga ɗakin nan.

Lukmanu ya riƙe shagon da tsari. Da safe Hajiya tana buga wa mutane takardu da hotuna, da yamma ta koma filin ƙwallo. Ana kiran salla yake kashewa, ko da ƙwallo na kan hanyar shiga raga. Yaron da ya gudo daga Islamiyya ba ya taɓa fad ɗin da ake riƙewa a buga wasa, kuma Lukmanu yana gane su, don su kaɗai ke zama suna kallon ƙofa.

Abokin gardamarsa ɗan Kawu ne, Izzuddeen, taubashinsa, wanda ke da rumfar gem kusa da tasha. Shi ba ya harka da kwamfuta. Akwatin gem yake ajiyewa, irin sabon fitowar nan da ake jonawa a talabijin kai tsaye, har guda biyu. Kullum suka haɗu a teburin mai shayi zancen ɗaya ne. Izzuddeen yakan ce abin da aka kashe wa Hajiya ya isa ya sayi akwatinsa biyu har a sha shayi da canji. Nasa dannawa kawai ake yi ya tashi, ƙaramar sola ta ɗauke shi, ita kuwa Hajiya shan wutarta sai ka ce injin niƙa. Lukmanu yakan ce a allonsa har ciyawar fili kana iya gani ɗaya-ɗaya, da gumin goshin ɗan wasa. Wasanninsa sun fi araha, ba ya biyan kowa kafin ya kara da mutanen wani gari ta intanet, kuma in wani abu ya tsufa a cikinta cire shi ake yi a sa sabo. Izzuddeen ya ce shi dai bai taɓa ganin wanda ya taso daga ƙauyen Araba don ya duba ciyawa ba, a can suka baro ta.

Mai shayi, da ya gaji da su, shi ya raba gardamar wata rana. Ya ce na Izzuddeen babur ne, a buga ya tashi a yi gaba. Ta Lukmanu kuwa tirela ce, tana ɗaukar abin da babur ba zai ɗauka ba, amma sai mai ita ya iya kwanciya ƙarƙashinta. Kowannensu ya tafi yana ganin shi aka yaba.

To ga tirela ta mutu, kuma ta zaɓi lokaci. Bazara ce, albasar Garu da Amarawa na shigowa, Kawu na neman ko lungu ne ya zuba kaya.

Da Lukmanu ya koma gida, matarsa Haula ta riga ta ji. Ta yi niyyar jajanta masa, amma da ta ji ƙamshin albasa a rigarsa sai dariya ta ci ƙarfinta, ta zauna kan turmi. Da ta nitsa ta tambaye shi abin da zai yi, ya ce zai rufe shago ya kai Hajiya gyara.

"Ka rufe, Kawu shi buɗe da albasa," in ji ta. "Tai wurin Izzuddeen ka aro akwati guda."

"Ni? Abin da nike zagi kullum?"

"To zauna da girmanka. Sai dai ka koyi cewa albarka, don kasuwa za ka koma."

Ya tafi. Izzuddeen ya tarbe shi da fara'a irin wadda ba ta da daɗin gani, ya shimfiɗa masa tabarma, ya tambayi jikin Hajiya, ya ce ko an gwada mata jiƙon sabara. Sai da ya gama more ransa, sannan ya cire akwati ɗaya ya naɗe wayoyinsa da kansa. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada a yi wa akwatin wanka.

Washegari Lukmanu ya goya Hajiya a babur, naɗe da bargo busasshe, ya tsallaka Kwanni wurin wani mai gyara, Maccido. Maccido ya kwance ta, ya sunsuna, ya tambaya ko girki ake yi a ciki. Bayan ya duba ya ce an yi sa'a. Abin da ke raba wuta ne kawai ya ƙone, katin hoton da ya fi komai tsada yana nan lafiya. Sai dai a bar ta ta bushe, a kuma jira kayan daga Maraɗi.

Kwanakin jiran nan su suka koya wa Lukmanu abin da ba ya son sani. Akwatin taubashinsa bai taɓa yi masa gardama ba. Ba saiti, ba gurnani, batirin sola na kai shi har magariba. Samari huɗu kan zauna a gabansa lokaci guda suna ihu, babu wanda ya nemi ciyawa. Shi kansa ya tsaya kusa da talabijin yana neman aibin hoton, ya ga sai mutum ya ƙura ido sosai kafin ya samu. Da safe ne kawai yake jin rashin Hajiya, in masu takardu sun zo sun koma, akwatin na zaune ba abin da ya iya.

Ranar Lahadi, ranar kasuwa, Hajiya ta dawo da hantsi. Yana cikin jona wayoyi sai ga amalanke ta tsaya a ƙofa, shaƙe da albasa, Kawu na biye da ita. Ya ji labarin hayaƙi, ya zo karɓar ɗakinsa. Ya tarar da ƙofa a buɗe, yara cike. Ya dubi akwatin, ya gane na ɗansa ne.

"Wanga ba na Izzuddeen ba ne?"

"Nashi ne, Kawu."

"To ɗakin ba da kayanka shika aiki ba. Ita wagga da ka ƙona, mi ta iya wanda ƙaramin bai iya ba, da har ta ci kuɗin shanu?"

Lukmanu ya buɗe baki zai fara zancen ciyawa da gumi, sai Allah ya taimake shi ya rufe. Ya tuna Kawu ya yi ƙuruciyarsa ne a kan sitiyari, yana kai albasa kudu, kafin gwiwa ta zaunar da shi. Ya jawo wani sitiyarin wasa ɗan gwanjo da ya saya bara, ya ɗaura a tebur, ya tura abin taka birki da totur ƙarƙashi, ya kunna wasan tuƙin manyan motoci. Motar da ta fito ba irin ta Turawa ba ce. Wasu samari ne suka zana ta suka sa a intanet, bodin katako mai fenti kala-kala, an ɗaure kaya da tamfol, har da buta rataye a gefe. Irin wannan ƙarin, a kwamfuta ake iya cusa shi cikin wasan. Akwati a rufe yake zuwa.

Kawu ya ce zai zauna ne kawai don gwiwarsa. Ya zauna. Ya riƙe sitiyari, ya gyara hula, ya yi bisimilla.

Yaran shagon ba su taɓa ganin tuƙi irin wannan ba. Su da sun hau sai gudu, sai karo. Kawu kuwa a hankali ya ɗauki hanya, yana ba da hannu, yana rage wuta tun kafin kwana, wai kada kaya su ƙuje. Ya ce titin ƙarya ne, ba rami ko ɗaya, amma nauyin motar a gangara gaskiya ne. Da ya hango wata ƙofar shinge a gaba, sai ya taka birki, hannunsa ya tafi aljihu yana laluben takardu. Shagon ya yi tsit, don ba wanda ya isa ya yi wa Alhaji dariya, sai da shi ya fara.

Mai amalanke ya leƙo ya tambaya ko a sauke. Kawu ya ce a jira. Ya sake leƙowa, Kawu ya ce ba ya magana in yana tuƙi. Ana haka aka kira azahar, Lukmanu ya miƙa hannu ya kashe, don doka ba ta san kawu ba.

Kawu ya miƙe, ya dubi rufin kwanon ɗakin kamar yau ya fara ganinsa. Ya ce dama albasa ba ta son ɗakin kwano, ruɓewa take yi, rumfar zana ta fi mata. Ya sa a juya amalanke zuwa bayan gida. A bakin ƙofa ya waiwayo ya ce kada wani yaro ya taɓa masa mota, ya bar kayan mutane a tsakiyar hanya, gobe zai zo ya ƙarasa.

Yau shagon na nan, da injin biyu. Lukmanu ya sayi nasa akwatin, ya mayar wa Izzuddeen nasa ba tare da ɗigon ruwa ba. An fasa taga, an kafa fanka tana kallon Hajiya ita kaɗai. In wani ya zo neman shawara kan wanda zai saya, Lukmanu yakan tambaye shi ƙwallo kawai yake so ko da aiki, wutar gidansu yaya take, kuma yana da haƙurin kwance abu. Mai son ƙwallo da kwanciyar hankali yakan tura shi ga akwati, ko da yake sai ya rage murya. Shi ma Izzuddeen, da nasa ɗaya ya lalace aka aika da shi Kano ɗungurum ya yi wata bai dawo ba, ya daina kiran Hajiya injin niƙa na ɗan lokaci.

Sunan dai bai tafi ba. Kwanan baya a teburin mai shayi, rana ta yi zafi, Izzuddeen ya tura masa buta da ƙafa, ya ce ya kai wa Hajiya, ya ji an ce tana jin ƙishi. Lukmanu ya kurɓi shayinsa, bai ko dubi butar ba.

"Ku yi ta dariya," in ji shi. "Kawu kullum cewa shikai sai buhun albasa ya shiga ɗakin nan. To ya shiga, guda ɗaya, ni na shigo da shi da hannuna. Ka ga maganar babba ba ta faɗi ƙasa ba, ni kuma ban rasa ɗaki ba."