Umarar Mai Keke

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, kuma kukan da mata suka ce zai zo min daga baya har yau bai zo ba. Na jira shi har na gaji. Ina nan unguwar Ruwais ta Jidda a ɗakin da ya bar ni, ina soya ƙosaina da safe, rana ta fito ta faɗi.

Wani fim ne ya sa na ɗauki biro. Autarmu Hanan, haifaffiyar Jidda da Larabci ya fi mata Hausa sauƙi, ita ta kunna shi tana fassara min. Labarin mutanen Wales ne na zamanin da, can Birtaniya. Wai idan mutum ya mutu sai a ɗora burodi a ƙirjin gawa, a kira wani talaka ya ci, shi ke nan ya cinye zunubin mamacin. Daga nan ba mai sake kallon fuskar talakan. Na ce ashe Turawa ma sun sha camfinsu, amma mu ake wa dariya. Fim ɗin na wa'azi ne irin na addininsu, Hanan har da hawaye. Ni kuwa ina zaune kamar an dasa ni, babanta kawai nake gani.

Malam direban babbar mota ne kafin mu zo ƙasar nan. Wata damina, a hanyar Funtuwa, ya buge wani mutum a kan keke. Ya hango mutane sun taso da sanduna, sai ya taka mota. A tasha ya ji cewa mutumin bai tashi ba. Shekarar muka taho aikin Hajji, ba mu koma ba. Bai sake riƙe sitiyari ba, dako ya yi a unguwar masana'antu ta Jidda har bayansa ya lanƙwashe.

Duk wannan ban sani ba sai da muka daɗe a nan. Mu 'yan Jidda a gida muke ɗaura harami, kuma mai yi wa mamaci Umara yakan faɗi sunansa wajen niyya. Wata rana na ji Malam ya fara da Larabci, da ya zo inda suna zai shiga sai ya ce da Hausa, “mai keken nan.” Na yi dariya na ce, “Malam, mai keke kuma? Ba shi da uba ne?” Ya ce, “Zauna, Hajiya.” Ranar ya gaya min.

Ya yi azumin kaffara. Umara kuwa ban san iyakarta ba, duk ta mai keke ce. Wani malami ya faɗa masa Allah ya san wanda yake nufi ko babu suna, amma haƙƙin iyalin mamacin yana nan sai sun yafe. Maganar nan ita ta ci shi. Ba mu da iƙama, takardar izinin zama, in ya fita ƙasar ba dawowa, ga tsoro. Kullum sai ya ce baɗi zai je ya neme su, har aka kai shi makwancinsa.

Da yana raye ya ga fim ɗin, na san zai yi istigfari, ya ce ba mai ɗaukar wa wani zunubi. Na kuma san a ransa zai yi ƙyashin mutanen nan da burodi ɗaya ya isar musu.

Hanan takan ce, “Halas ya Ummi, ya isa haka, ki bar Baba ya huta.” Ban san ko ya huta ba. Bai bar gida ba, bai bar gona ba, aikin nan da bai ƙarasa ba shi ya bar min, kuma ƙafafuna sun fara gajiya da Safa da Marwa.

In akwai gidan da ubansu ya fita da keke wata damina a hanyar nan aka dawo da gawarsa, ku sani wanda ya yi abin bai manta ba ko kwana ɗaya. Ba ni da bakin cewa ku yafe. Ku dai aiko min da sunansa ta hannun jaridar nan, in faɗe shi ko sau ɗaya kafin nawa lokacin ya yi.