Na haɗa biyu na raba biyu

Shekarun baya, lokacin da babbar 'yata take shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai, na yi wani lissafi da har yau nake jin kunyarsa.

Burinta ta wuce ta yi digiri. An ce sai jimillar makinta ta kai 2.40, ita kuwa bayan zango biyar tana kan 2.10. Kullum ina gona ina wannan tunani, abinci ma ba ya shiga. Da sakamakon zangon ƙarshe ya fito, ta samu 3.00.

Ni a aji shida na firamare na tsaya, amma na iya raba lamba. Na haɗa biyun na raba biyu, ya ba ni 2.55. Na maimaita sau huɗu a takarda. Ranar kasuwar Funtua na kai wa abokina mai awon masara, ya duba ya ce, "Daidai ne, ɗan boko."

Na dawo na ce mata, "Kin haye." Ta dubi takardar ta daɗe, sannan ta ce, "To, Baba." Mako biyu ina gaya wa mutane, har 'yan'uwanmu na Kafur suka zo barka.

Takardar kwaleji ta zo da 2.25. Na hau mota na tafi, wai zan nuna musu kuskurensu. Malamin da na samu a can bai yi min dariya ba. Ya ce, "Malam, kai manomi ne. In ka juye buhu ɗaya na sabuwar masara cikin buhu biyar na tsohuwa, rabi da rabi ka samu?" Na ce a'a. Ya ce, "To zango biyar suna da nauyinsu." Na ninke takardata na sa a aljihu.

A gida na tambaye ta ko ta sani. Ta sunkuyar da kai ta ce tun ranar ta sani.

"Me ya hana ki faɗa min?"

"Baba, tunda na shiga makarantar nan ban ga ka sake jiki ba sai lokacin. Na kasa."

Yanzu tana koyarwa a firamare a Danja, digirin bai yiwu ba. Na san ba lissafina ya hana ta ba. Abin da ke ci min rai shi ne mako biyun nan da take gaisa da masu barka, tana amsa "amin" ita kaɗai da saninta, don kawai in ci abinci.