Motar da Inna Ba Ta Ji Zuwanta Ba

Lokacin da na fara bin hanyar Gwarzo ina saurayi, mota tana sanar da zuwanta tun tana nesa. Manyan motocin gyaɗa suna gurnani, bodi yana kwaramniya, har manomin da ke tsakiyar gona ya san an wuce. Yanzu kwalta ta yi sumul, mai ya yi tsada, motoci sun koyi tafiya shiru. Abin da shirun nan ya jawo a gaban idona makon jiya shi zan ba ku labari, kuma raina a ɓace nake rubutawa.

Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar tasha, ni da wani tsohon abokin aikina. Za mu duba yayansa da ke kwance a wani ƙauye kusa da Mainika. Motar tsohuwar fijo ce mai kujera uku. An tsara zama yadda ake yi tun zuwan shari'a: mata can baya, maza a tsakiya, mu tsofaffi biyu a gaba kan kujerar mutum ɗaya, gwiwata tana ta gaisawa da giya. Wani bawan Allah mai kula da tsarin ya leƙo, ya tabbatar babu kafaɗar da ta taɓa wata, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ban ga laifinsa ba. Amma bai dubi tayoyin ba, alhali sun suɗe kamar tafin hannu.

Direbanmu mutum ne mai fara'a, ya ja mana addu'ar tafiya da murya mai daɗi. Mun wuce Rimin Gado kaɗan, a gangaren farko, sai ya zare giya, ya murɗa makulli. Inji ya mutu, ba ka jin komai sai iska. Na ce, "Malam direba, lafiya?" Ya yi dariya ya ce, "Baba, ni na kashe. Galan ɗin da na saya a bakin hanya, in ban yi haka ba, ba zai kai mu ya dawo da ni ba."

Da ya sake a gangare na biyu na ce masa birki ba ya ci sosai in inji a kashe yake. Kafin ya amsa, wani mai babbar riga daga tsakiya ya ce, "Haba Alhaji, ka bar mana mugun baki da sassafe. Ba mun yi addu'a ba?" Aka yi dariya. Na ji kunya, na ja bakina. Na zauna a Kumasi, na ga matan kasuwa sun tsayar da direba sun wanke shi tas a kan gudu. Na shiga motocin Kamaru da na Sudan, inda fasinja ke ɗaukar ransa nasa ne. A nan wanda ya yi magana shi ne mai ƙarancin tawakkali. Ni da na san wannan duka, dariyar mutum shida ta rufe min baki.

A kwanar Kabo muka tsaya aka sauke buhu biyu. Muka ci waina da miyar taushe. Miyar na nan yadda na san ta, wainar ce ta rame, da alama ita ma tsuke bakin aljihun ya shafe ta. Dawa ta fid da kai hagu da dama, mata na tafe a gefen titi da ƙoren nono, kasuwa suka nufa.

Saura kaɗan mu shiga Gwarzo akwai wani gangare da ke sauka kan ƙaramar gada, rugage a hannun hagu, gari a hannun dama. Direba ya sake murɗa makulli. A ƙasan gangaren wata dattijuwa, Inna mai tallar nono, tana tsaye da ƙwarya uku a ka, ɗaya kan ɗaya. Na ga ta ɗan dakata, ta karkata kunne. Sannan ta sako ƙafa kan kwalta, hankalinta kwance. Direba ya danna oda, ba ta yi kuka ba, don tasa sai makulli na kunne. Ya taka birki, motar ta ci gaba da sulalewa. Gefen motar ya ɗebe ta ta ƙugu. Nono ya wanke gilashin gabanmu fari fat.

Da ranta. Muka ɗauke ta a motar da ta buge ta zuwa asibiti a Gwarzo, matan baya suka rungume ta. Duk hanya abu ɗaya take maimaitawa: "Na saurara. Wallahi na saurara, ban ji komai ba." Direba kuwa hawaye yake yi, yana cewa, "Baba, na taka, kamar dutse na taka."

Da ɗanta ya iso, mai babbar rigar nan ne ya fara tare shi. Ya ce ƙaddara ce, tsohuwa ce ba ta duba ba, a yi haƙuri a yafe. Nan na kasa daurewa. Na ce masa, "Malam, ƙaddara ce ta murɗa makullin? Shari'ar da ta raba mana kujera ita ce ta ce wanda aka ji wa rauni yana da haƙƙi. Ko rabinta muka karɓa?" Ya ce shi bai zo gardama ba, ya nemi wata motar. Ɗan ya yafe, don kunyar jama'a. Ba wanda ya tambayi Inna.

Mun duba marar lafiyarmu, mun kwana. Washegari na hau acaɓa na koma gangaren, na zauna ƙarƙashin wata ɗorawa daga hantsi har azahar. Na taɓa ganin haka a wani birni na Turai: mutane zaune a mararraba da takarda, ba abin da suke yi sai lura da inda mai tafiya a ƙasa yake kai idonsa kafin ya haye. A lokacin na ɗauka rashin aikin yi ne.

Ga abin da na gani. Namiji marar kaya yana waiwayawa. Mace mai ƙwarya a ka ba ta iya juya wuya, nono zai zube, sai dai ta juya jiki duka, ga mayafi ya tare mata gefen ido. Saboda haka akasarinsu da kunne suke hayewa, kamar yadda iyayensu suka koya musu, kuma dabarar ta daɗe tana yi musu aiki. Motocin haya kuwa, da yawa a kashe suke gangarowa. Direba yana ganin ta tsaya, sai ya ɗauka ta gan shi. Ita kuma ta tsaya ne tana sauraro. Ba sai an kawo masani daga waje ba. Zaman rabin yini a gindin bishiya ya isa, amma ba wanda ya zauna. Na faɗa wa matan da suka tsaya gaishe ni su daina amincewa da shiru. Wata ta ce, "To Baba, mu sauke ƙwaryar a kwalta mu duba?" 

Da za mu dawo, na gaya wa direban motar da muka samu tun a tasha cewa in ya kashe inji zan sauka. Aka ce Baba ya zo da dokar Turawa. Wannan karon na bar su suka yi dariyarsu, ban janye ba, kuma bai kashe ba har Kano. Da na yi haka tun a tafiyar zuwa, da ba ku karanta wannan ba.

Mun iso gida bayan la'asar. Tafiyar ta koya min cewa wanda ya zauna a gaba ya gani ya yi shiru yana da kaso a abin da ya biyo baya. Jiya abokina ya kawo min saƙo daga Gwarzo. Ƙashin ƙugun Inna ya karye, likita ya ce za ta tashi, amma da sanda. Da nonon nan take ciyar da kanta. Ba za ta ƙara ɗora ƙwarya a kanta ba.