Idon da Na Zana

Har gobe ba zan manta da ranar da muka kai shafinmu gwaji unguwar Digel ba. A tsakiyar shekarun dubu biyu ne, ina mai zane a wani ƙaramin biro, wato ofis, da aka ba kwangilar shafin intanet na horar da malaman lakwal, wato makarantar boko, daga nesa. Aikina shi ne ƴan alamomin da ake latsawa: gida don komawa farko, ambulan don saƙo, ido don duba darasi. A ƙa'idar aikinmu, ba a miƙa shafi sai an zaunar da masu amfani da shi an ga inda hannunsu ke zuwa.

Muka kama wani sibar, wato shagon hayar kwamfuta, muka tara malamai. Suna latsa gida, suna latsa ambulan, amma babu wanda ya taɓa idon, don haka ba a buɗe darasi ko ɗaya ba.

Shugabanmu, Mushe Abakar (mushe shi ne malam da Faransanci), ya ja ni waje. Dama ya ji raɗe-raɗin wani biro da ke neman kwangilar yana zawarcina.

"Sani, yawancinsu mutanen unguwarku ne. Me ka gaya musu?"

Na rantse masa ban ce komai ba. Ya ce in ban warware wannan ba kafin masu kwangila su zo, in tattara kayana.

Na koma ciki na zauna kusa da Hajja Zainaba, dattijuwar cikinsu. Ta dubi ƙofa, ta dubi mai shago, sannan ta bar Larabcin da ake yi ta koma Hausa, murya ƙasa-ƙasa.

"Ɗana, idon nan na wane ne?"

"Zane ne kawai, Hajja."

"Ƙanena ma malami ne. Zamanin da ake ɗauke mutane, magana ɗaya ya yi a aji wani ya kai wa hukuma. Ko kabarinsa ba mu gani ba."

Washegari na dawo da hoton buɗaɗɗen littafi a gurbin idon. Ta daɗe tana kallonsa.

"Cire shi ka yi, ko rufe shi ka yi da littafi?"

Shafin kuwa yana ajiye sunan kowa da darasin da ya buɗe, ana aika wa masu kwangila. Na gaya mata gaskiya. Mushe Abakar ya ce ai ga shi na tona kaina, so nake in kashe aikin. Sai da muka yi ta ja-in-ja kafin ya yarda a rubuta a shafin farko, da Faransanci da Larabci, abin da ake ajiyewa da wanda ke gani.

Hajja ta karanta a tsanake, ta latsa littafin. Wasu suka bi ta, wasu ba su sake zuwa ba. Aikina ya tsira, amma har na bar biron Mushe Abakar bai saki jiki da ni ba.

Ku da kuka shigo sana'ar nan yanzu, ku sani mai kallon alama da abin da ya taɓa samunsa yake kallonta. In ya tsargu, kada ku yi saurin sauya hoto. Ku fara tambayar kanku ko tsoronsa na da gaskiya.