Kibod Mai Doguwar Waya

Ban taɓa mantawa da Alhamis ɗin da aka ce in goge sunan Hajara ba. A lokacin ban cika wata uku da fara aikin mataimakiyar malami a sashen kwamfuta ba, kuma ni ke kula da 'yan aji biyu a darasin rubuta manhaja.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba, ɗalibai biyu ake haɗawa a kan kwamfuta ɗaya. Ɗaya yana bugawa, shi ne direba. Ɗayan yana kallon allo yana nuna hanya, shi ɗalibai ke kira kwandasta. Ƙa'ida ita ce su riƙa canja kujera, kowa ya tuƙa.

Hajara matar aure ce daga Ƙofar Wambai, ƙuri'a ta haɗa ta da Bulus, mai surutu da dariya. Ba ta yarda ta zauna kafaɗa da kafaɗa da namiji ba, balle ta ɗora hannu inda ya ɗauke nasa yana tsaye a kanta. Sai ta ja kujera gefe, ta riƙa faɗa yana bugawa. Na sha tsayawa ina sauraronsu, muryarta a hankali kamar mai kitso tana warware gashi sili-sili, shi kuma yana tsokanarta wai bai taɓa ganin kwandastan da ke tsawata wa direba haka ba.

Ranar nan Dakta, malamin darasin, ya kira ni ofis. Ya ce sau da dama yana leƙowa bai taɓa ganin hannunta a kan kibod ba, don haka in goge sunanta, ba ta da maki, ta maimaita darasin baɗi. Ya tuna mini cewa har yanzu ba a tabbatar da ni a aiki ba.

Ni da ko ɗan keke ba na iya yi wa musu, sai na ji bakina ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan goge ba. Kai hannu kake nema, ni ƙwaƙwalwarta na ji."

Ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce. Na ce to ƙa'ida ta ce kowa ya tuƙa, ba ta ce a kujera ɗaya ba. Ya ba ni zuwa Litinin.

Na wuce kasuwar Wunti na samo kibod da doguwar waya. Ranar Litinin na jona shi a kwamfutarsu, na ajiye a kan teburin gefe. Hajara ta gyara hijabi ta fara bugawa da yatsu biyu, tana kuskure tana gogewa. Bulus ya tsaya can nesa yana ba da umarni, bakinsa har kunne.

"Hajiya direba, a hankali, akwai rami a layin nan."

Dakta ya daɗe a bakin ƙofa har aikin ya tashi a allo. Bai ce na yi daidai ba. Cewa kawai ya yi a bar sunan.

Ku da za ku karɓi ɗakin kwamfutar nan bayana, abin da na koya shi ne manhaja a baki ake fara rubuta ta kafin ta sauko yatsu, kuma mai leƙe daga ƙofa yatsu kawai yake gani. Kibod ɗin yana nan a teburin gefe, harafi ɗaya ya goge. Kada wanda ya naɗe wayar.