Wayar da Ke Kan Dutsen Guga

Ina tsaka da ɗinka wuyan wata riga, allura a bakina, Auta, ƙanwar maƙwabcin shagona, ta kira ni. Ƙarfe goma da 'yan mintoci ne, safiyar Laraba. Ba ta gaishe ni ba, ita da ba ta taɓa fara magana ba gaisuwa. Ta ce, "Yaya Tela, Allah Ya yi wa Yaya rasuwa." Na ɗage ƙafata daga kan keken ɗinki, na rasa inda zan ajiye allurar. Abin da idona ya fara sauka a kai shi ne wayar da ya bar mini kwana uku da suka wuce, kwance a kan tsohon dutsen guga, jone da caja, fuskarta na haske kamar ba abin da ya faru.

Sukudireba muke ce masa a layinmu, saboda dogo ne siriri, kuma ba a raba aljihun rigarsa da ɗaya. Shi kuma ya rama, ya sa mini Almakashi, wai bakina ba ya rufuwa sai ya yanki wani. Shekara goma sha ɗaya shagonsa na gyaran waya yana manne da nawa, falle ɗaya na katako ne tsakaninmu. In ya yi atishawa ni ke amsa masa.

Da ciwon sikila aka haife shi. Rabin ƙuruciyarsa a kwance ya yi ta, kuma a kan gadon nan ya koyi sana'a, yana kwance rediyon gidansu da agogon bango yana mayarwa. Ya kan ce babu silin ɗin ɗakin asibitin da bai san adadin tsagunsa ba. Aikinsa na da tsari. Kowace ƙusa ya cire daga waya sai ya jera ta a kan maganaɗisu bi da bi, yadda ta fito haka za ta koma. Bai taɓa buɗe hotunan mai waya ba. In ciwon ya motsa yana tsakiyar aiki, sai ya ƙwanƙwasa katakon sau biyu, in zagayo in rufe masa shago, ba tare da maƙwabta sun sani ba. Ba ya son a ce masa sannu.

Mahaifinsu, Baba, direban tirela ne shekara talatin da biyu. Bara ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Likita ya ce hannun zai iya dawowa in ana motsa shi, amma Baba ya juya fuska ga bango, ya daina magana sai da kai. Ƙwallon roba da aka ba shi ya riƙa matsawa, ƙarƙashin gado ya tura ta. Sukudireba ya ce mini shi ya gane wannan kallon bangon, ya yi shi, kuma ba magani ke fitar da mutum daga ciki ba, sai abin da zai sa ya manta da cewa yana kwance.

Ya fara sa masa wasan tuƙi irin na waya. Baba ya kalla minti ɗaya, ya ture. Auta ce ta fassara mana: motar ba madubin gefe, ba giya, ana jan ta da yatsa kamar abin wasan yara. Akwai wani wasan tirela kuwa mai komai, har da sigina da birkin iska da juya baya da bodi, amma a kwamfuta kaɗai yake tashi, kuma kwamfutar da za ta ɗauke shi ta fi ƙarfin gidan. Sai Sukudireba ya ce ai wayar zamani ƙaramar kwamfuta ce da aka hana ta sanin kanta. Zai goge tsarin da ta zo da shi, ya ɗora mata babbar manhajar da kwamfutar tebur ke aiki da ita, ya jona ta da talabijin ɗin ɗakin Baba da wani sitiyarin wasa da ya tsinto a kayan gwanjo ya gyara.

Na ce masa ya bar wahalar da kansa. Ya ce in kula da wuyan rigar mutane.

Wata biyar ya yi a kai. Wayar farko ta mutu murus, ko haske. Ta biyu ta tashi, har muka ga fuskar kwamfuta a kanta, rubutu ƙanana kamar ƙwan tururuwa, amma ba ta jin taɓawa. Ta uku ta tashi, ta ji taɓawa, sai dai minti goma in an kunna wasan ta ɗau zafi ta kashe kanta. Ranar nan ya leƙo shagona ya ga mataccen dutsen guga da nake danne yadi da shi. Ya kifa shi, ya ɗora wayar a kan sanyin ƙarfen, ya saita mata ƙaramar fanka. Ta yi awa guda ba ta mutu ba. Ya yi ta dariya har da riƙe haƙarƙari, wai ashe akwai ranar da kayan aikin tela zai yi amfani.

Duk matakin da ya yi nasara sai ya rubuta, kuma da yake littafin awona ne kullum a kusa, a ciki yake rubutawa da jan biro, tsakanin kafaɗar wani da ƙugun wani. Matakai goma sha tara. Ya so ya sake yin aikin tun daga farko, tsaf, kafin ya kai wa Baba. Yana kan na goma sha huɗu ciwon ya kama shi. Ya kawo wayar shagona don nawa ne mai batirin sola, aka wuce da shi asibiti. Mun ɗauka irin na kullum ne.

Bayan mun raka shi makwancinsa, na yi mako guda ina buɗe shago in zauna kawai. Wayar tana nan, ta kai ɗari bisa ɗari, ta tsaya a kan wata tambaya da Turanci. Ina tsoron taɓa ta. Na san kuskure ɗaya zai mayar da ita irin ta farko, kuma babu mai tayar da ita. Sai Auta ta zo ta ce Baba ya daina karɓar ko shayi. Ta ce, "In muka zuba ido, shi ma binsa zai yi."

Muka buɗe littafin. Ita ke karanta abin da ke kan waya, ni ke karanta rubutunsa, don tafiyar kazar nan tasa ni kaɗai na iya ta. A mataki na sha shida aka nemi lamba, na kusa ba ta tsawon wandon wani malamin makaranta, Allah Ya sa ta lura baƙin biro ne. Muka yi dariya, muka yi kuka, muka ci gaba. Kafin la'asar tirela ta bayyana a fuskar wayar.

Washegari da hantsi muka kai ɗakin Baba. Na jona talabijin, na ɗaure sitiyarin a kan teburin cin abincinsa, na ajiye wayar a kan katifa. Ƙarar injin ta cika ɗakin. Baba bai juyo nan take ba, amma na ga kafaɗarsa ta motsa. Auta ta tayar da shi zaune. Ya daɗe yana kallon madubin gefe a talabijin. Ya ɗora hannun dama a kan sitiyarin, ya fito da motar daga tasha a hankali. Ana haka komai ya ɗauke, fuskar ta yi baƙi.

Na ce shi ke nan, na kashe aikin wata biyar na mutumin da ba zai dawo ya gyara ba. Na kasa ɗaga kai. Sai Baba ya miƙa hannu ya dafa bayan wayar da bayan yatsunsa, yadda direba ke dafa bonet.

Ya ce, da murya a shaƙe, "Zafi ta yi. Ku bar ta ta huce. Ba a tilasta wa inji."

Wata takwas rabon da a ji jimla daga bakinsa. Auta ta toshe baki da mayafi. Ni kuwa sai a lokacin na tuna na baro dutsen gugar a shago, don jan biron bai ambace shi ba. A wurin Sukudireba wannan ba ya bukatar rubutawa. Da gudu na je na ɗauko.

Yau wata huɗu ke nan. Baba na tuƙi kullum bayan karin kumallo. Ba ya wuce ƙa'idar gudu, ba ya shiga kwana ba sigina, kuma duk awa guda sai ya faka a gefen titi ya kashe mota, wai inji ya sha iska. Hannun hagun ya hau sitiyari tun sati na uku, don ya ce babu direban kirki da ke juya baya da hannu ɗaya. Yana faɗa da ƙananan motocin cikin wasan, yana tambayar wanda ya ba su lasisi. Wani lokacin yana tsaka da tafiya sai ya ce, "Yaron nan," ya sa giya ya ci gaba.

Wani ya kama shagon nasa, amma ban yarda an taɓa katakon ba.

Ranar da Sukudireba ya kawo mini wayar, yana dafe da ƙofa, gumi na zuba, mai mota na jiransa a waje. Ya daidaita ta a kan dutsen guga da kansa, ya duba cajar sau biyu.

Ya ce, "Almakashi, ko me za a yi kar ka zare ta. Kuma kar ka sa wannan hannun naka na tela a kanta."

Na ce, "In ka daɗe fa?"

Ya yi murmushi. "In na daɗe, ai littafin na hannunka. Ja ne nawa, baƙi naka."

Na ce masa ya yi sauri ya dawo, mai mota na hon.

Ya ce, "To. Ka kunna mata fanka."